In Gem Ya Ƙi Tashi, Kowa Injiniya Ne

Bayan ƙwallon Turai da siyasar ƙaramar hukuma, ba na jin akwai abin da ke tara samarin Gezawa wuri guda kamar kwamfutar da gem ya ƙi tashi a cikinta. Kakar abin ita ce bayan girbi. An yanke gero, an cire gyaɗa, an kai wake kasuwa, aljihu ya ɗan yi nauyi. Sai saurayi ya hau mota ya nufi Kano, ya ratsa Beirut Road ko Farm Centre, ya dawo da laftof a jaka yana murmushi shi kaɗai. A gaban iyaye ya ce ta karatu ce, da koyon jarrabawar JAMB. Washegari kuwa tana shagon caji, ana zuba mata abin da aka saye ta dominsa: GTA Vice City, San Andreas, IGI, Need for Speed Most Wanted da PES 6.

A danna sau biyu. Allo ya yi baƙi, kowa ya gyara zama, sai ga shi ya dawo inda yake. Ko kuma wani ɗan akwati ya ɓullo da Turanci da lambobi. Daga nan kowa ya zama injiniya, tun daga mai shayin gefe har yaron da aka aiko karɓar batirin wayar innarsa.

Gaskiyar maganar ba ta da tsawo. Wasannin nan an yi su ne tsakanin 2000 da 2006, zamanin Windows 98 da XP, lokacin da galibi furosesa ke da ƙwaƙwalwa ɗaya tak, allo mai ƙeya ne, gem kuma daga faifai yake tashi. Kwamfutar da aka sayo tana ɗauke da Windows 10 ko 11, ƙwaƙwalwa huɗu ko takwas, ba ta ma da ramin faifai. Gem bai lalace ba, kwamfuta ba ta lalace ba. Kayan zamaninsa yake nema bai samu ba, kuma sau da yawa yakan faɗi sunan abin da ya rasa ƙarara. Inda gizo ke saƙa shi ne mutanen da suka kewaye shi. Ga su nan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya duba ko zai ga maƙwabcinsa.

Saurin-Danna

Wannan ya fi kowa yawa, kuma kullum linzami a hannunsa yake. Akwatin saƙo bai gama buɗewa ba ya danna OK. Ya sake kunna gem, saƙo ya sake fitowa, ya sake danna OK, wannan karon da ƙarfi, ko kwamfutar za ta gane da wa take yi. In ƙaninsa ya yi ƙarfin hali ya sa baki, ga yadda ake kwashewa:

"Yaya, me ya rubuta?"

"Turanci ne kawai."

"To me Turancin ya ce?"

"Ya ce ba zai yi ba. Kai ka cika surutu."

Da zai haƙura ya karanta layi ɗaya, da aikin ya ƙare kafin shayi ya huce. In Most Wanted ya ce ya rasa d3dx9_26.dll, tsofaffin kayan DirectX 9 yake nema, waɗanda Microsoft ta tattara a ƙunshin watan Yunin 2010, kuma kyauta ne a shafinta. In sunan da ya fito MSVCR100.dll ne, Visual C++ na 2010 ake so, na 32-bit, ko da kwamfutar mai 64 ce. In Vice City ya kafe sai an ba shi DirectX 8.1 alhali na 12 ne a cikin injin, ba hauka yake ba: wani tsohon sashe mai suna DirectPlay ne Windows ta kashe, yana nan kwance a Windows Features ƙarƙashin Legacy Components, alama ɗaya za a sa a akwatinsa ya farka. Saurin-Danna ya ga waɗannan sunaye sau ba adadi, amma ko a gaban alƙali aka tsare shi ba zai kawo harafi uku daga ciki ba. Sauri ya haifi nawa.

Sarkin Fomatin

Filas a wuya, rataye da igiyar takalmi, magana ɗaya a baki: "Sai an yi fomatin." Gem ya ƙi tashi, fomatin. Sauti ya yi ƙasa, fomatin. Harafi ɗaya ya ɓalle daga kibod, to a fara da fomatin tukuna a ga abin da hali zai yi. Daga Jogana har Wangara babu kwamfutar da ta shiga hannunsa ta fita da abin da ta zo da shi.

Mutum ne mai ladabi, ba ya rasa tambayar ko akwai abu mai muhimmanci a ciki. Illa dai tambayar takan zo ne bayan ya goge rumbun, sabuwar Windows ta kai kashi 40. A nan mai kwamfuta zai tuna hotunan bikin yayarsa, da tafsirin azumin da Baba ya sa aka tura masa, da furojet ɗin abokinsa ɗan NCE wanda saura babi ɗaya. Sarki ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Ayya, ai da ka faɗa."

Abin da bai sani ba, ko ya sani ya yi gum, shi ne sabuwar Windows ta fi tsohuwar talauci a idon tsohon gem. Duk 'yan tarkacen DirectX da Visual C++ da wasu manhajoji suka shigo da su a baya sun tafi tare da hotunan biki. Gem ɗin da a da yake kukan fayil ɗaya yanzu uku yake nema, ga sauti ya ɗauke, ga Wi-Fi ya ɓace don babu direbobi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Hukuncin Sarki kuwa shi ne wannan Windows ɗin ba ta zauna da kyau ba, sai an sake. Kuɗin aiki daban.

Malam Ƙara-Ram

Shi ba ya taɓa kwamfuta. Daga nesa yake leƙawa, hannuwa a baya, ya tambaya, "Ram nawa ce?" A ce 8. Ya yi ɗan tsaki mai taushi. "Ina, ai ba za ta ja ba. GTA fa ka ce. Sai 16." Da an ce 16 ce, da 32 zai ce.

San Andreas da ya fito a kwamfuta a 2005 megabait 256 ya nema a matsayin mafi ƙaranci, Vice City kuwa 128. Wato gigabait 8 ɗin da Malam ya raina ta ninka buƙatar San Andreas sau 32. Ƙari a kan haka, wasannin nan 'yan 32-bit ne, a ƙa'ida gigabait 2 kawai kowannensu ke iya taɓawa, ko da an cika injin da ram har wuya. Akwai ɗan facin da ke buɗe musu hanya zuwa 4, amma wanda ya loda wa gem ƙarin motoci da gine-gine shi yake amfana, irin masu burin ganin A Daidaita Sahu a titin Los Santos na cikin San Andreas.

In ka bi diddigi za ka tarar Malam yana da ɗan'uwa mai teburi a Farm Centre. Ba ya ma ɓoyewa: "In ka je ka ce ni na turo ka." Ka je, ka dawo, kwamfuta ta ƙara sauri wajen buɗe komai, har da saƙon nan na ƙin tashi, wanda yanzu cikin ƙiftawar ido yake fitowa.

Alhajin Sabuwar Kwamfuta

Ya sayar da bijimin da ya turke, ya sayi laftof ta gem sabuwa dal a kwali, mai kibod mai canza launi, fanka biyu, da allo mai nuna hoto 144 a daƙiƙa. Shi gem ɗinsa yana tashi. Matsalarsa ta fi ta kowa cin rai: CJ, jarumin San Andreas, ya faɗa ruwa yana ta iyo amma da ƙyar yake gaba, mota kuma da an saki totur sai ta nemi tsayawa. A gefensa yaron shago yana buga wasan nan lafiya lau a wata tsohuwar HP 'yar gwanjo da aka ɗaure murfinta da salatif.

"Ranka ya daɗe, ƙarfinta ne ya yi yawa."

"Yawa? Yaro, ka san nawa na saye ta?"

Yaron ya yi gaskiya. Waɗanda suka yi San Andreas sun ɗora lissafin motsi a kan hoto kusan 30 a daƙiƙa, gwargwadon abin da PlayStation 2 ke bayarwa. In aka sake shi ya haura ɗari, lissafin ya watse. Garmar shanu ce aka ɗaura wa tarakta: kunya ba za ta fito ba, garmar ce za ta karye. Maganin yana cikin saitin wasan kansa, a kunna Frame Limiter. Wasu wasannin zamanin kuma yawan ƙwaƙwalwa ke ruɗa su, sai an shiga Task Manager an taƙaita su ga guda ɗaya. Wani lokaci laftof mai katin hoto biyu takan miƙa gem ga ƙaramin, ta bar babban yana barci. Kamfanonin ma sun fara sallamar tsofaffin: a 2022 Intel ta sanar cewa sabbin katunan hotonta ba za su ƙara jin DirectX 9 kai tsaye ba sai ta bakin tafinta, katunan RTX 50 na NVIDIA kuma sun fito a farkon 2025 babu tallafin PhysX na 32-bit, har wasu tsofaffin wasanni suka riƙa jan ƙafa a kansu.

Duk wannan Alhaji ba zai saurara ba. A ce ya rage wa abin da ya saya da kuɗin bijimi gudu? Gara ya mayar da ita Kano ya ce an cuce shi.

Maharbin DLL

Ya fi Saurin-Danna da mataki ɗaya: yana karanta saƙo. Daga nan kuma sai ya shiga daji. Ya sayi datar dare, ya zauna ƙarfe ɗaya yana farautar fayil a shafukan da maɓallin saukewa biyar ne, huɗu na talla, na biyar na ƙwayar cuta. Ya samo guda, ya jefa a System32. Gem ya nemi wani, ya samo, ya jefa. Kafin kiran assalatu ya tara tuli, sai saƙon ya canza ya koma 0xc000007b. Maharbi ya ɗauka ci gaba ne, tunda dai ba irin na jiya ba ne.

Lambar nan galibi tana nufin an gwama fayilolin 64-bit da wasan 32-bit. Tarkon da ke nan kuwa ba ƙarami ba ne: a kwamfuta mai 64, System32 gidan 'yan 64 ne, 'yan 32 kuwa a SysWOW64 suke zaune. Ƙunshin Microsoft na asali ya san inda kowane fayil zai kwana, shi ya sa ake cewa a saka shi gaba ɗaya maimakon tsince-tsince.

Shi ne kuma mai imani da GTA mai megabait 10, wanda aka ce an matse shi. Wasan da ya cika faifan DVD, an ce masa ya koma bai kai waƙoƙin fim uku ba, kuma ya yarda. Abin da yake samu bayan ya kwance ƙunshin shi ne burauza mai buɗe kanta, da tallan caca, da fanka mai kuka ko ba a komai. Garin neman gira an rasa ido.

Dogarin Bayros

A wajensa duk abin da ya samu kwamfuta bayros ne, har da tsagewar allo. Ya saka Smadav, ɗan Indonesiyan nan da kowane shagon tura finafinai ya sani, ya ƙara wasu biyu a kai, su ukun suna kokawa da juna kwamfuta tana nishi. Ba a rasa gaskiyarsa ba, don filas ɗin da ya zaga shaguna yakan dawo duk fayilolinsa sun zama shotkot. Sai dai a maganar gem, sau da yawa mai gadin ne ya yi kamun. Kwafin da ake turawa a shago an taɓa fayil ɗinsa don ya daina neman faifai, Windows Defender kuwa da ya ga irin wannan sai ya ɗauke shi ya kulle ba sallama. Jiya gem yana yi, yau babu. Wani lokaci zargi ne kawai, wani lokaci da gaske akwai mugun abu a ciki, kuma da ido ba a bambancewa. Dogari yana da abokin hamayya mai cewa a kashe duk wani tsaro har abada. In suka haɗu a shago, gara mai kwamfuta ya je ya yi la'asar ya dawo.

Mai Faifan Orijina

Wannan abin tausayi ne. Yayansa ya aiko masa da Most Wanted na asali daga Ingila, da kwalinsa da ɗan littafinsa. Ya sayi na'urar karanta faifai ta USB, ya shigar da gem, ya danna, shiru. Faifan yana da makullin hana kwafi mai suna SafeDisc, wanda ya dogara da direban secdrv.sys, Windows 10 kuwa tun fitowarta a 2015 ta ƙi karɓar direban saboda ɓarakar tsaro. Makullin da aka yi don masu kwafi ya hana mai asali shiga, su kuwa suna can suna tsere wa 'yan sandan Rockport, birnin cikin wasan. Shagon GOG da ya fara a 2008 yana sayar da tsofaffin wasanni da yawa a gyare, babu makulli, amma da dala, kuma Most Wanted ba ya ciki. Mai faifai ya mayar da abinsa kwali, yana nuna wa baƙi.

Boka Mai Busa

Ba ruwansa da saƙo ko fayil. Ya juya laftof, ya kafa baki a ramin fanka ya busa, ya ɗan mare ta a gefe, ya cire batir ya goga a riga ya mayar. In ta ƙi, ya ce a ɗora ta kan randa ta sha sanyi. Ana yi masa dariya, amma yakan dace lokaci-lokaci, don akwai ciwon da nasa ne. Gem ɗin da ya ƙi tashi tun farko, galibi matsalar manhaja ce. Wanda ya tashi lafiya, aka yi minti 20 ana bugawa sannan ya fara sarƙewa, kwamfuta ta mutu ɗif, wannan zafi ne ko wuta.

Na ga an kwance wata laftof da ta sha hunturu a ɗakin da ake ajiye dawa. Tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya akwai wani dunƙulen ƙura da ƙaiƙayi da zaren bargo, ya daskare har aka ɗago shi da tsinke a guda ɗaya, man da ke kan furosesa kuma ya bushe yana ɓarɓashi. A watan Afrilu da zafi ke kai digiri 40, a kan katifa, ƙarƙashin rufin kwano, irin wannan injin rage gudu yake don ya tsira, in abin ya ci tura ya ɗauke. Haka in janareto ya yi tari, caja ta saki, laftof ta koma kan mataccen batir. Kuskuren Boka ɗaya ne: tunda busa ta taɓa yi masa aiki, har DirectPlay busawa yake.

Tsohon Hannu

Ya haura 40, yana koyarwa a firamare, ya fara taɓa kwamfuta a wata kafe a Kano lokacin da ake sayen awa. Kafin ya ba da shawara sai ya ba da tarihi: Pentium 4, Dangerous Dave, Prince of Persia, da yadda IGI ba ya barin mutum ya adana wasa a tsakiyar aiki, kuskure ɗaya ya mayar da kai farko. Lambar wayar matarsa sai ya duba, amma ASPIRINE da PANZER da HESOYAM suna kansa. Fatawarsa ɗaya ce: "Ku sa mata XP. Da tsohuwar zuma ake magani."

Sabuwar laftof ba ta da direbobin XP, Microsoft kuma ta daina kula da ita tun 8 ga Afrilun 2014. Ko Windows 10 da yake kira ta yara, an sallame ta ranar 14 ga Oktoban 2025. Dave ɗinsa ma ba zai tashi a Windows mai 64-bit ba, don ba ta buɗe manhajar 16-bit, sai a cikin DOSBox mai kwaikwayon tsohuwar kwamfutar DOS. In aka nuna masa haka, wasan ya fito a 'yar taga, sai ya ƙura ido ya ce launin ba irin na da ba ne. Inda ya fi kowa gaskiya shi ne tsohuwar kwamfutar teburin da ya ajiye a gida: ba ta taɓa shiga intanet ba, kuma duk wasannin nan suna tashi a cikinta. Sai dai ita ba ta tashi sai an kawo wuta.

Ni Tawa Tana Yi, da Ɗan Waya

Na farko gudunmawarsa ke nan kaf, kuma yakan maimaita ta duk lokacin da aka yi shiru. In an ce ya kawo ta a gani, tana wajen wani a Babawa, ko cajarta ta ƙone. Na biyu yaro ne ɗan shekara 12 da ke tsugune a bakin ƙofa, yana buga PES a wayar yayansa ta cikin PPSSPP, manhajar da ke kwaikwayon PSP. Ba ya cewa uffan. Lokaci-lokaci ya ɗago kai ya dubi manyan da suka kewaye injin, ya mayar da kai ya ci ƙwallo.

Mai Gyaran Gaskiya

Akwai shi, guda ɗaya ne a gari, kuma sai an gaji ake kiransa. Abu na farko da yake yi shi ne ya karɓe linzami daga hannun Saurin-Danna, ya ɗauki hoton saƙon da waya. In babu saƙo, ya buɗe Event Viewer ya nemo lamba 1000, inda Windows ke rubuta sunan fayil ɗin da gem ya yi tuntuɓe a kansa. Sannan ya canza abu ɗaya ya gwada. In bai yi ba, ya mayar da shi yadda yake kafin ya taɓa na biyu. DirectPlay, ƙunshin 2010, saitin Compatibility na XP, in ta kama dgVoodoo2 mai fassara tsohon DirectX zuwa sabo, ga 'yan GTA kuma SilentPatch.

Aibinsa baki. Yana aiki yana ba da labarin jirgin Skimmer. Bayan sabuntawar Windows 11 mai lamba 24H2, 'yan San Andreas suka ga jirgin nan mai sauka a ruwa ya ɓace daga wasan, wanda ya tilasta fito da shi kuma aka cilla shi can bayan taurari. Kowa ya ɗora wa Windows. A watan Afrilun 2025 mai SilentPatch, wanda ake kira Silent, ya bayyana abin da ya tono: layin jirgin a fayil ɗin vehicles.ide ba a cika shi ba. A Vice City kwale-kwale ne a lissafi, ba ruwansa da girman taya. Da aka mayar da shi jirgin sama a San Andreas aka manta a rubuta. Wasan ya riƙa ɗaukar ragowar lambobin motar da ta gabace shi a jeri, kuma suka yi ta dacewa kusan shekara 20, har ranar da Windows ta sauya yadda take amfani da wannan gurbin ta taka su. Darasin da yake so a ɗauka shi ne tsohon gem dama da sa'a yake tafiya, sabuwar kwamfuta asiri kawai take tonawa. Kafin ya kai nan rabin shagon ya watse.

Sannan ba a biyansa. Aikinsa minti biyar ne, bai kwance noti ko ɗaya ba, bai goge komai ba, don haka a idon jama'a bai yi aiki ba. Sarkin Fomatin da ya share yini ya hallaka hotunan biki shi ake ƙirga wa kuɗi, shi kuwa a ce, "Allah ya saka da alheri, Injiniya," a miƙa masa ruwan leda. Shi ma wasan bai dame shi ba. Da ya ga Tommy Vercetti na Vice City ya tsaya a bakin titi da rigarsa mai furanni, ya miƙe ya sa takalmi.

Mai Kwamfutar

Saura mai kayan, wanda tun safe yake ba da labarin yadda a zamaninsa babu mai ja da shi a PES 6 daga Gezawa har Tsamiya Babba. Muddin gem yana faɗuwa, martabarsa tana tsaye. To yanzu ya tashi. Ya ɗauki Inter Milan saboda Adriano mai ƙarfin bugu 99, ya waiwaya yana neman wanda zai hora, ido ya faɗa kan yaron bakin ƙofa.

"Kai, ajiye wayar nan, zo in koya maka."

Kafin hutun rabin lokaci an zura masa uku. Ya duba pad, ya duba igiyarsa, ya ce a canza a sa Vice City. Yaron shago ya loda masa wasan da aka adana daidai aikin nan na ƙaramin helikwafta da ake dasa bama-bamai huɗu a ginin da ba a gama ba, wanda ya rantse a karon farko ya wuce shi yana aji uku. Helikwafta ya daki bango, ya daki bene, ya maƙale a ƙofa, lokaci ya ƙare.

Ya janye hannu a hankali. Ya ce har yanzu akwai nauyi a kwamfutar nan, shi yana ji a yatsunsa, gyaran bai kammala ba. Mai Gyaran Gaskiya ya riga ya yi nisa. Ya dubi yaron shago ya ce, "Je ka kira min mai filas ɗin nan. A yi mata fomatin."